Ran Direba Da Kayan Da Ya Ɗauko: Wanne Ne Gaba?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa bayinSa abin hawa, Ya kuma sanya arzikin wani gari a hannun mutanen wani gari. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda shi kansa ya yi fatauci zuwa ƙasar Sham tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ake yawan gardama a kanta a tashoshin manyan motoci, tun daga Dawanau ta Kano har zuwa Apapa ta Ikko. Tambayar kuwa ita ce: in 'yan fashi suka tare direba cikin daji da tsakar dare, yana ɗauke da kayan mutane na miliyoyin naira, me ya wajaba a kansa? Ya tsaya ya kare kayan ko da zai rasa ransa, ko kuwa ya miƙa makulli ya tsira? Waɗansu suna cewa wanda ya bar kayan mutane ya gudu matsoraci ne, ya kuma ci amana. Waɗansu suna cewa in da rai da rabo. Kowane ɓangare yana da abin da yake kafa hujja da shi daga cikin addini, saboda haka maganar ta cancanci a dube ta a natse.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin mutumin da ake magana a kansa. Direban tirela da ya yi lodin masara ko wake ko shanu a Kano ya nufi Ikko, yana da tafiyar kimanin kilomita 1,000 a gabansa. In ya bi tsohuwar hanya zai ratsa Zariya da Kaduna da Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, ya haye Kwara a gadar Jebba, ya wuce Ilori da Ogbomosho da Badun. Tafiyar da ƙaramar mota take yi a yini guda, shi takan ci masa kwana uku ko fiye in hanya ta lalace ko mota ta ba da matsala. Abokin tafiyarsa yaron mota ne, ɗaya ko biyu. Makwancinsa gaban mota ne, ko tabarma a gindinta. In ya sauke a kudu ba ya son komawa fanko, sai ya ɗauko manja, ko garin rogo, ko katako, ko kayan da suka sauka daga jirgin ruwa. Tumatirin da ake miya da shi a Ikko da manjan da ake miya da shi a Sakkwato, duk ta hannun irin wannan mutum suke bi. An ga tabbacin haka a ƙarshen watan Fabrairu na 2021, sa'ad da 'yan kasuwar abinci da dabbobi na arewa suka dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun. Nan da nan farashi ya tashi a kudu, kaya kuma suka yi kwantai a arewa.

Alƙur'ani mai girma ya haɗa abinci da amincin hanya a wuri guda. A cikin Suratu Ƙuraish Allah Ya tuna wa mutanen Makka ni'imar fataucinsu na hunturu da na bazara, sa'an nan Ya ambaci ciyar da su da amintar da su daga tsoro. Ke nan lafiyar direba ta shafi tukunyar kowane gida, har da gidan wanda bai taɓa hawa babbar mota ba.

ABIN DA SHARI'A TA HALATTA

Babu shakka Musulunci ya ba mutum ikon kare kansa da iyalinsa da dukiyarsa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, aka ce masa kada ya ba shi, in ya yaƙe shi shi ma ya yaƙe shi, in aka kashe shi ya yi shahada, in kuwa shi ya kashe ɗan fashin to makomar ɗan fashin wuta ce. Tare hanya kuwa, wanda malamai suke kira hiraba, yana cikin laifuffukan da Alƙur'ani ya yi wa hukunci mafi tsanani, kamar yadda yake a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida. Waɗannan su ne hujjojin masu cewa direba ya tsaya, kuma hujjoji ne ingantattu.

Amma fa malamai ba su tsaya a nan ba. Sun bambanta tsakanin abin da aka halatta wa mutum da abin da aka wajabta masa. Imam Nawawi, a cikin sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa kare iyali daga keta mutunci wajibi ne babu saɓani, kare dukiya kuwa ya halatta amma bai zama dole ba. Watau wanda ya tsaya aka kashe shi yana da ladan shahada, wanda kuma ya auna ya ga ba shi da iko ya saki dukiyar, babu zunubi a kansa. Hadisin shahada bushara ce ga wanda abin ya rutsa da shi da kuma lallashi ga iyalinsa. Wanda ya mai da shi umurni ga mutum guda mai riƙe da sifana ya tunkari mutum goma masu bindiga, ya ɗora wa hadisin abin da bai faɗa ba.

Har wa yau Nasa'i ya ruwaito wani hadisi da ya jera matakai. Wani mutum ya yi irin wannan tambaya, sai aka umurce shi ya fara tuna wa maharin Allah. In bai ji ba, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa. In babu su, ya nemi taimakon hukuma. Sai in hukuma ta yi nisa ne aka ce ya yi faɗa domin kare dukiyarsa. Faɗa shi ne mataki na huɗu, bayan an rasa uku. A kan wannan hanya malaman mazhabar Maliki suka tafi. An ruwaito a cikin Mudawwana cewa Imam Malik yana ganin in masu tare hanya suka nemi abu kaɗan, kamar abinci ko tufa, a ba su kada a yi faɗa da su. Shehu Halil kuma, a cikin Muhtasar ɗinsa wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya nuna cewa ana fara yi wa mahari gargaɗi, ba a nufin kashe shi sai an san babu abin da zai tunkuɗe shi sai hakan, ba a kuma yi masa rauni in ana iya kauce masa ba tare da wahala ba. Masu sharhi sun ce ɗan fashin da ya tare hanya da makami hukuncinsa ya fi wannan tsanani. Amma mafi yawan rigingimun da direba yake gamuwa da su, na 'yan tasha ne, da masu karɓar kuɗi a shingaye, da ɓarayin da ke yanke tamfol su saci buhu ɗaya ko biyu sa'ad da mota take hawan tudu. Duk waɗannan suna ƙarƙashin wannan ƙa'ida. Ba a zub da jini saboda buhun masara.

Asalin maganar kuwa shi ne, malamai irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun lissafta abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta kiyaye: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. In biyu daga cikinsu suka yi karo, rai yana gaban dukiya. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Tarihi ma ya nuna haka. Sa'ad da Suhaibu Ba-Rume zai yi hijira, Ƙuraishawa suka tare shi, ya bar musu dukiyarsa duka suka sake shi, Manzon Allah (S.A.W.) kuwa ya yaba wa wannan ciniki nasa. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Halidu ɗan Walidu ya ga abokan gaba sun fi ƙarfin rundunarsa, ya yi dabara ya janye ta. Waɗansu mutanen Madina suka yi wa rundunar gorin gudu, Manzon Allah (S.A.W.) ya kore wannan gori. In janyewa ba ta zama abin kunya ga Halidu ba, ina za ta zama abin kunya ga direban da ya bar siminti ya tsira da ransa da na yaron motarsa?

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Jihar Arewa a 1960, ta yarda mutum ya kare jikinsa da dukiya, amma ta hana ya yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar take bukata, ta kuma ce babu wannan dama in akwai sararin neman taimakon hukuma. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 shi ma ya ɗaure maganar da gwargwadon bukata.

AMANAR KAYAN MUTANE

To, wani zai ce duk wannan magana ce ta dukiyar mutum ta kansa. Direba kuwa kayan wani ya ɗauko, motar ma ta wani ce. Ashe amana ba ta ƙara masa nauyi ba? Lalle ta ƙara. Wajibi ne ya tsare kayan yadda zai tsare nasa, ya ɗaure su da kyau, ya kwana inda ake kwana, kada ya bar mota a wurin da ba kowa ya tafi shaƙatawa. Amma ƙa'idar shari'a ita ce, wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Wanda aka ɗora wa bindiga a ka bai yi sakaci ba. Amana ta ɗora masa iyakar ƙoƙarinsa, ba ta ɗora masa ya mutu ba.

Akwai wani wuri guda da mazhabar Maliki ta tsananta, wanda ya kamata direbobin hatsi su sani. Imam Malik ya keɓe masu dakon abinci, ya ce su suna biya in kayan suka ɓata a hannunsu, sai fa in sun kawo shaida cewa ba da sakacinsu ba ne, ko kuwa mai kayan yana tare da su. Dalilin da malamai suka bayar shi ne, hannu yana saurin kai wa abinci, in aka bar ƙofar a buɗe kowa zai ci ya ce an sace. Wannan hukunci yana kare mai kaya daga direban da zai karkatar da lodi ya sayar sa'an nan ya ƙirƙiro labarin fashi, kuma an san ana yin haka. Yana kuma nuna wa direban kirki abin da zai yi in fashin gaske ya same shi: da zarar ya kuɓuta ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya ba da rahoto, ya sanar da mai mota da mai kaya da shugabannin ƙungiyarsa, ya riƙe sunayen waɗanda suka ga abin. In shaida ta tabbata, mai motar da ya kama direba ya sa aka kulle shi, ko ya riƙe masa albashin watanni, ya yi zalunci bayyananne. Irin wannan hali shi ke sa direba ya gwammace ya yi kasada da ransa a daji da ya koma gida ya fuskanci ubangidansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

MAKAMI A GABAN MOTA

Sau da yawa in aka yi maganar kare kai, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne makami. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba, bin dokar da aka yi domin maslahar jama'a kuwa yana cikin abin da addini ya yi umurni da shi. Ban da wannan, direba yana ratsa jihohi bakwai ko takwas a tafiya guda, yana wuce shingaye masu yawa na jami'an tsaro da na 'yan sintiri, a garuruwan da ba a san shi ba, wani lokaci ma ba a jin harshensa. A watan Maris na 2025 aka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo, tana ɗauke da mafarauta 'yan arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida hutun salla. Aka ga bindigoginsu na farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, gungun jama'a suka kashe mutum 16. Wannan kisan gilla ne wanda babu uzurin da zai wanke waɗanda suka aikata shi, ba a gaban shari'a ba, ba a gaban Allah ba. Amma ya nuna yadda ganin makami a cikin mota a baƙon wuri yake iya zama sanadin halakar bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Bindiga guda ba za ta kori gungun 'yan bindiga ba, tana kuwa iya jawo wa mai ita tuhumar da ba zai sami damar kare kansa daga gare ta ba.

Abin da ake mantawa shi ne, direba ya riga ya riƙe makamin da ya fi bindiga haɗari, watau motar kanta. Tirelar da ta ɗauko buhun siminti 600 tana jan tan 30 ban da nauyin jikinta, ba kuma ta tsayawa nan take kome ƙarfin birki. A nan ne tambaya mafi wuya take. Direba ya hango an gindaya itace da duwatsu a hanya da dare, ya tabbata 'yan fashi ne. Ya halatta ya taka mota ya bi ta kan shingen? In abin da ke gabansa itace ne da mutanen da suka ɗaga masa bindiga, to yana cikin kare rai, babu laifi a kansa. Amma ya taɓa faruwa a hanyoyin Nijeriya 'yan fashi su tare motar fasinja, su kwantar da mutanen a kan kwalta, wata mota ta zo a guje ta bi ta kansu. In direba ya ga alamar mutane kwance, hukunci ya canja. Malamai sun haɗu a kan cewa ba ya halatta mutum ya fanshi ransa da ran wani marar laifi, ko da tilasta shi aka yi, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. In kuwa bai gani ba sai bayan abin ya auku, to ya shiga babin kisan kuskure, wanda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta yi bayanin diyyarsa da kaffararsa, ciki har da azumin wata biyu a jere. Saboda haka gudun da ya wuce inda fitila take haskawa kasada ce da ran mutane, ko da tsoro ne ya jawo shi.

Makamanciyar wannan ita ce maganar mutumin da aka gani yashe a gefen hanya da dare, yana ɗaga hannu. Ceton rai wajibi ne a kan jama'a, amma an san masu kwanton ɓauna suna yin irin wannan tarko. Direban da yake shi kaɗai a wurin da aka san shi da fashi ba a ɗora masa tsayawa ba. Sai dai wucewa ba ta sauke masa nauyin duka ba. Ya kira lambar gaggawa ta 122 ta hukumar kiyaye haɗura, wadda aka kafa a 1988, ko ya tsaya a shingen jami'an tsaro na gaba ya faɗi abin da ya gani da inda ya gan shi. Haka nan wanda tsautsayi ya sa ya buge mutum a cikin gari, ya ga jama'a sun taso da duwatsu da fetur, yana da damar ya kauce wa fushinsu, amma zuwa ofishin 'yan sanda zai nufa ya miƙa kansa. Wanda ya wuce ya ɓace, ya bar wanda ya buge cikin jini, ya bar magada ba su san wanda za su bi ba, wannan ya tsere wa mutane ne kurum. Ya kamata kuma a sani cewa tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa asibitoci su karɓi wanda aka harba da bindiga su yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, domin kada tsoro ya hana direba kai ɗan'uwansa asibiti.

DARASIN FATAKE

Kare kai na gaske yana farawa tun kafin a ta da mota, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kakannin waɗannan direbobi sun san haka. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataken Hausa suna tafiyar watanni zuwa Gwanja sayo goro. Babu mai fita shi kaɗai. Ana haɗa ayari ne a ƙarƙashin madugu, da jagaba mai shiga gaba yana duba hanya, da uban dawaki, da malamin ayari. Ana sauka a zango kafin dare, ana sa masu tsaro. Suna riƙe da baka da takobi, amma ana auna gwanintar madugu ne da yawan mutanen da ya komo da su gida lafiya. Sau da yawa yakan zaɓi ya biya kuɗin wucewa, ko ya sake hanya, ko ya jira kwanaki har labari mai daɗi ya zo.

Wannan tsari ya dace da sunna. Buhari ya ruwaito gargaɗi a kan tafiyar mutum shi kaɗai da dare. Abu Dawuda ya ruwaito cewa in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Muslim ya ruwaito cewa matafiya in za su sauka da dare su kauce wa kan hanya. A lokacin hijira Manzon Allah (S.A.W.), wanda babu wanda ya kai shi dogara ga Allah, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, ya ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, ya bi ta gefen teku ya bar hanyar da aka saba. Tirmizi kuma ya ruwaito labarin mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙumarsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali. Direban da ya ce shi ba ya jiran kowa, ajali ba ya wuce lokacinsa, ya kutsa dajin da aka gargaɗe shi a kansa da magariba, bai fahimci tawakkali ba. Haka wanda ya dogara ga guru da laya da maganin ƙarfe, ya taɓa imaninsa, ya kuma ɗauko ƙarfin halin ƙarya da zai tura shi inda mai hankali ba ya zuwa.

Raƙumar direban yau ana ɗaure ta ne da abubuwa sanannu. A duba taya da birki da fitila kafin a tashi, domin mota mai lalacewa a daji ita ce abincin ɓarawo. A tambayi waɗanda suka fito daga gaba halin da hanya take ciki, kunne in ya ji jiki ya tsira. A bi juna motoci uku ko huɗu a wuraren da ake tsoro, a ratsa su da rana. A kwana a inda motoci suke taruwa, irin su Mararrabar Jos ko Tafa ko Ogere. A rage yawo da tsabar kuɗi, a kame baki game da abin da aka ɗauko da inda za a kai shi. A guji ɗaukar fasinjan da ba a sani ba, balle a ɗora mutane bisa kaya ko a cakuɗa su da shanu, gama kowane rai da ya hau motar amana ce da ta fi lodin nauyi.

Akwai kuma abokan gaba biyu da suke zaune tare da direba a gaban mota. Na farko barci. A hanyar komowa daga Haibara an sa Bilalu ya yi tsaron alfijir, barci ya ɗauke shi yana jingine da raƙumarsa, har rana ta fito wa ayarin duka. In barci ya rinjayi Bilalu, babu direban da zai ce ya fi ƙarfinsa. Ƙwayar hana barci da Tramol ba sa biyan bashin barci, suna ɗage shi ne zuwa lokacin da zai zo ba sallama, sa'an nan suna taɓa hankali, wanda shi ma yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kiyaye. Na biyu fushi. Da yawa daga cikin direbobin da aka raunata, gardamar 'yan kuɗi kaɗan ce a shinge ta kai su ga haka. Baki shi ke yanka wuya. A biya, a riƙe shaida, a kai ƙara ta hannun ƙungiya, ya fi a tsaya musayar zagi da wanda ke riƙe da gora ko bindiga.

NAUYIN DA KE KAN SAURAN JAMA'A

Duk da haka zalunci ne a tara wa direba nauyin duka. A daren 9 ga Fabrairu 2020 matafiya da dama, ciki har da direbobin manyan motoci, suka kwana a Auno kusa da Maiduguri domin an rufe ƙofar shiga gari kafin su iso. Sun taru wuri guda, sun tsaya a cikin gari, sun bi umurnin hukuma. Amma 'yan ta'adda suka auka musu, aka kashe aƙalla mutum 30, aka ƙone motoci. Babu dabarar direba da za ta hana irin wannan. Tsaron hanya aikin hukuma ne, kuma yana cikin manyan abubuwan da za a tambayi shugabanni a kansu. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Adiyyu ɗan Hatimu bushara da lokacin da mace za ta taso daga Hira har ta yi ɗawafi a Ka'aba ba ta tsoron kowa sai Allah. Adiyyu ya yi mamaki a ransa, yana tunanin 'yan fashin ƙabilarsa ta Ɗayyi'u, amma ya rayu har ya ga hakan da idonsa. Da amincin matafiyi marar ƙarfi aka auna wancan zamani, da shi kuma ake auna kowane mulki.

Masu motoci su ji tsoron Allah game da wa'adin da suke yanka wa direbobi, wanda ba ya cikuwa sai da tafiyar dare da shan ƙwaya. Su yi wa mota da kaya inshora ko su shiga tsarin takaful, su faɗa wa direba da bakinsu cewa in an tare shi ya saki kaya. Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci su tsara tafiyar ayari da isar da labarin hanya, su kuma tsaya wa marayun waɗanda suka rasu a bakin aiki. Mutanen garuruwan bakin hanya su tuna cewa matafiyi yana cikin waɗanda Alƙur'ani ya ba hakki, har ya sa shi cikin masu cin zakka. Motar da ta faɗi a gefen gari, kayanta suna da mai su, wawashe su kuwa fashi ne ko da ba a ɗauki makami ba.

Amsar tambayar da aka fara da ita ta fito ke nan. Direban da ya tsare kaya iyakar ikonsa, aka fi ƙarfinsa ya saki, ya cika amana. Wanda aka rutsa da shi babu mafita ya kare kansa har aka kashe shi, ana kyautata masa zaton shahada. Wanda ya kawo kaya lafiya ta hanyar taka marar laifi, shi ne ya yi asara. Mai kaya yana iya sake yin wani lodi a mako mai zuwa, 'ya'yan direba kuwa uba ɗaya gare su.

Allah Ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, Ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka kwanta dama a kan hanyar neman halal, Ya ba shugabanni ikon tsare hanyoyin talakawansu, amin.